Jinjina ga Masu Kula da Maƙabartar Taukkyan

Baƙon da ya yini yana zagaya birnin Yangon na ƙasar Bama, ya sha kallon zinaren wurin ibada na Shwedagon, ya kamata ya ƙarasa maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin, inda masu shara da ban ruwa ke aikin da ya cancanci yabo. Ginshiƙan wurin na ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Najeriya da daular Ingila ta kai yaƙin Bama. Wani zai ce yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu? Ai mai durƙusawa yana goge dutsen nan ba daular Ingila yake yi wa hidima ba, sunan ɗan wani yake hana gansakukar damina ta rufe. Allah ya saka musu da alheri.