Bakin Bakanike: Nawa Ya Kamata a Faɗa wa Mai Inji?

Jigo ba shi da sirri. Sanda ce da igiya da guga da curin ƙasa a gindi, in ya karye duk mai ido ya ga inda ya karye. Da shi aka yi ban ruwa a fadamun Hadejia shekara da shekaru, har zuwa shekarun 1980 da hukumar KNARDA ta tsohuwar jihar Kano ta fara yaɗa ƙananan injinan fetur, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ɗora a shekarun 1990. A tsakanin nan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da kan shayar da fadama da kanta. Manomin rani daga Auyo har Guri ya wayi gari abincinsa na hannun wani ƙarfe da bai san cikinsa ba, da kuma hannun wanda ya sani, wato bakanike. Tun daga lokacin ake fama da tambaya guda: wanda ya iya gyara, nawa zai faɗa wa wanda bai iya ba?

Al'adar gareji ta daɗe da amsarta, kuma amsar ita ce kaɗan. Yaron da aka kai koyon aiki yakan share watanni yana wanke ƙarafa da fetur yana miƙo sufana. Maigida ba ya karantarwa. Iyakarsa ya ce, “Kai, miƙo min lamba goma,” ko ya tayar da inji ya ce, “Saurara.” 'Yan boko kan kira wannan rowar ilimi, amma a ganina ba su yi wa kanikawa cikakken adalci ba. Akwai sanin da baki ba ya iya ɗauka. Ƙarar bawul da ya saki daban take da ƙarar fistin da ya ci, kuma sai kunne ya ji su sau da yawa kafin ya rarrabe. Nauyin igiya a hannu lokacin ja yana faɗin ko matsin inji na nan ko ya zube. Fulogi kansa shaida ne: in ya fito baƙi a bushe, fetur ya yi yawa, in ya fito da maiƙo, baƙin mai na haurowa, in ya yi fari fat, injin na zafi. Maigidan da ya ga yaro ya nufi kabureta alhali matsalar ta wuta ce, ya ƙyale shi ya kwance ya ɗaure a banza, ya san abin da yake yi. Yaron nan ba zai sake taɓa kabureta ba sai ya fara duba ko fulogi na ba da wuta. Da an faɗa masa tun farko, da amsar injin yau kaɗai ya samu, na gobe kuma ya sake tsayawa yana jiran baki.

Inda shirun ke cutarwa shi ne wajen awo da wajen dalili. Da yawa daga cikin injinan da ke bakin kogin Hadejia ƙirar Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na China, kuma suna da ma'aunin da ba a gane shi da ido. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Ta bawul ɗin shigar mai 0.15, ta fitar hayaƙi 0.20, a auna inji na sanyi. Wanda ya saba saitawa da ƙiyasi zai gadar wa yaransa kuskurensa, su kuma su kai shi garejinsu bayan an yaye su.

Dubi maganar wayar nan ta na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa. Inji ya ƙi tashi, a zare wayar, ya tashi nan take, mai shi ya yi godiya ya ɗora a babur. Wani lokaci na'urar ce ta lalace da gaske. Wani lokaci kuwa gaskiya take faɗa, man ne babu. Yaron da aka koya wa “zare wannan” ba tare da an gaya masa aikinta ba zai riƙa zarewa a kowane inji, kuma injin da ya buga a tsakiyar rani, tattasai na fure, ba bakanike ne zai yi asararsa ba. Jimla biyu sun isa su hana wannan. Rashin faɗarsu ba horo ba ne.

Manomi kuma lamarinsa daban. Shi ba sana'ar yake nema ba, ruwa yake nema, kuma sau da yawa ta waya yake magana daga wata gona can wajen Kirikasamma. A nan yawan bayani ne ke ɓarna. Ka ce wa mutum ya buɗe kabureta a kan yashi, ƙaramin ƙarfe guda ya faɗi, shi ke nan aikin yini ya zama na kwana uku. Gwanin bakanike tambaya yake yi kafin ya ba da umarni: “Alhaji, injin ne ya ƙi tashi, ko ya tashi ruwan ne bai zo ba?” Da wannan ya raba matsalar gida biyu. In ruwa ne bai zo ba, sai ya bi da shi ɗaya bayan ɗaya, ba ya faɗin na biyu sai an gama na farko: a cika cikin famfon da ruwa, a duba ko tiyo na shan iska, a ɗago bakin tiyon a ga ko ciyawar kachalla da laka sun toshe shi. In duk lafiya, sai ya tambayi zurfi, domin irin wannan famfo ba ya tsotso daga abin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Idan ruwan rijiya ya ja ƙasa a watan Maris ko Afrilu, babu gyaran da zai yi, sai dai a haƙa rami a sauke injin kusa da ruwan.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa ko ba a tambaya ba: kada a bar famfo yana gudu babu ruwa a cikinsa, sil ɗin da ke hana shi yoyo zai ƙone. Ba kowane bakanike ke faɗa ba, kuma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalili, tunda canjin sil ciniki ne. A Amurka ma an yi wannan ja-in-ja da manyan kamfanonin tarakta, har jihar Colorado ta yi doka a 2023 da ta tilasta musu ba manoma bayanan gyara da kayan aikinsa. Can a kwamfutar tarakta aka kulle sirrin. Namu a bakin mutum yake, kuma abin da ke buɗe shi bai wuce tsoron Allah da tsoron kada abokin ciniki ya koma garejin maƙwabci ba.

Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya jefa wannan al'ada cikin jarrabawar da ba ta taɓa gani ba. Manoma da dama sun mayar da injinansu masu amfani da gas ɗin girki, wasu sun koma famfon sola. A nan “kalla ka koya” ba ta wadatar, domin kuskuren farko na iya zama na ƙarshe. Mahaɗar tiyon gas da ruwan sabulu ake gwada ta, ba da ashana ba, kuma dole a faɗi haka da baki, a maimaita. Farantan sola da aka jera a haɗe suna iya tara wutar da za ta kashe mutum, kuma muddin rana na dukansu wutar na nan ko an kashe famfo. Ba su da ƙarar da kunne zai kama, sai mitar awon wuta. Maigidan da ya shekara ashirin yana gane ciwon inji daga nesa ya koma ɗalibi, wani lokaci ma a hannun yaronsa da ya iya karanta lambobin da na'urar ke nunawa.