Kowace Ƙasa Da Harry Potter Ɗinta

Gara in faɗa tun farko, kada wani ya ce na ɓoye: a kan Harry Potter ba ni da ta ido. Littattafan nan bakwai na J.K. Rowling na karanta su har takardunsu sun yi laushi kamar tsohon zane, kuma idan aka taɓo zancensu a majalisarmu sai an roƙe ni kafin in yi shiru. Abin da ya zaunar da ni yau kuwa shi ne bangon littafi na farko, da irin shigar da kowace ƙasa ta yi masa kafin ta miƙa shi ga 'ya'yanta.

Ɗan yayata ne ya jawo. Kwafin da nake da shi na Ingila ne, na tsince shi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano, kusurwarsa ɗaya ma ta yage. Wata Asabar yaron ya shigo da nasa, wanda ya aro a makaranta, ya ajiye kusa da nawa, ya dube su, ya dube ni.

"Kawu, naka fa jabu ne," in ji shi. "Ka ga nawa yana tashi a kan tsintsiya. Naka kuwa ya tsaya a tasha ya saki baki kamar wanda mota ta tafi ta bari."

Na ce, "Kai, tafi can! Nawa ne na asali, naka ne baƙo."

Muka duba da kyau, sai ga shi har sunan ya bambanta. Daga ranar na shiga farauta. Wasu bangwayen na bi su a intanet ina ƙara girman hoton har idona ya yi ruwa, biyu kuma na roƙi matafiya suka riƙo mini. Abin da na gani ya ƙara mini son littafin ninki biyu.

Bari in fara da gidan da aka haife shi. Kamfanin Bloomsbury na Landan ne ya fitar da shi ranar 26 ga Yuni, 1997, da sunan Harry Potter and the Philosopher's Stone, wato Harry Potter da dutsen masana falsafa. Bugun farko mai kaurin bango kwafi 500 ne kacal, kuma wajen 300 daga ciki ɗakunan karatu aka kai. Wanda aka ba zanen bangon wani saurayi ne ɗan shekara 23 mai suna Thomas Taylor, yana aiki a shagon littattafan yara a Kambirij, kuma wannan ne aikinsa na farko da aka biya shi. Kwana biyu ya yi yana shafa fentin ruwa ya gama. Ga jan jirgin ƙasa yana tuttuɗo da hayaƙi mai taurari, ga allon da aka rubuta 9¾, ga yaro da tabarau mai zagaye da mayafin wuya ja da rawaya, tabon walƙiya a goshi, ya zaro ido. Kai, wannan zaro idon ne ya saye ni! Maraya ne da ya tashi a ƙarƙashin matakalar bene a gidan 'yar'uwar mahaifiyarsa, yau ga shi a bakin wata duniya da bai taɓa jin labarinta ba. Duk wanda aka taɓa kai shi makarantar kwana da akwatin ƙarfe da garin kwaki ya san fuskar nan.

A bayan bangon kuma Taylor ya zana wani mai sihiri da gemu ruwan ƙasa yana zuƙar lofe. Masu karatu suka yi ta tambaya ko wane ne, don babu mai kamarsa a labarin, har daga baya aka cire shi aka sa Dumbledore, shugaban makarantar sihirin da Harry ya shiga, da dogon farin gemunsa. Ainihin takardar da saurayin ya yi zanen a kai an yi gwanjonta a Landan a 2001 kan fam 85,750. A 2024 aka sake kai ta kasuwa a New York, ta tashi a dala miliyan 1.9. Aikin kwana biyu ke nan!

Na ɗan yayata kuwa ɗan Amurka ne. Kamfanin Scholastic ya biya dala 105,000 ya sayi izinin bugawa, ya fito da shi a 1998. Sai dai masu kamfanin sun ji tsoron kada yaran Amurka su ga kalmar falsafa a bango su zaci littafin jarrabawa ne, don haka dutsen masana falsafa ya koma dutsen mai sihiri. Nan kam ina da ƙorafi, domin dutsen nan tsohon zance ne na masu alkimiyya, waɗanda suka yi ta neman abin da zai mayar da darma zinariya, kuma Nicolas Flamel da aka ambata a labarin mutum ne da ya rayu da gaske a birnin Paris, ya rasu a 1418. Ita kanta Rowling daga baya ta ce da ta sani ba ta yarda an canza ba.

Amma zanen, tabɗi! Mary GrandPré ta ɗauki allin launi ta cika bangon dam. Harry na kan tsintsiya da wandon jins da takalmin kambas, ya ratso tsakanin ginshiƙai, ya miƙa hannu zai cafke 'yar ƙwallon zinariya mai fukafukai. Ka ƙura ido can baya sai ka hango farin doki mai ƙaho ɗaya a guje, ka dubi wani lungu sai ga kare mai kai uku. Bangon nan kamar kasuwar Kurmi yake, duk inda ka waiga da abin kallo. Ita ce kuma ta zana rubutun sunan da harafin P ɗinsa ke saukowa kamar walƙiya, wanda finafinan suka ɗauka har duniya ta haddace shi. Ingila ta nuna yaro yana mamaki, Amurka ta nuna shi ya riga ya zama gwarzo. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Faransawa su ma sun taɓa sunan, amma ta wata fuska. A wajen kamfanin Gallimard, littafin ya zama labarin Harry Potter a makarantar masu sihiri, kuma mai fassara Jean-François Ménard ya raɗa wa makarantar, wato Hogwarts, suna Poudlard. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, da wannan sunan za su fi gane makarantar. Jean-Claude Götting ya bi sunan sau da ƙafa. Ya tsayar da yara uku, Harry da abokansa Ron da Hermione, cikin baƙaƙen riguna da dogayen huluna masu tsini, ga farar mujiya, ga ginin makarantar a baya. Babu gudu babu tsalle, kamar hoton ƙarshen zango da ake ɗauka a gaban ofishin shugaban makaranta. Da farko na raina shi. Da na daɗe ina kallo sai na ga shi ne ya tuna cewa Harry bai taɓa yin komai shi kaɗai ba. Fentin ma mai kauri ne, kamar a cire a rataye a falo.

To, sai Italiya, inda dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. A bangon da Serena Riglietti ta yi wa kamfanin Salani a 1998, Harry yana zaune gaban allon darar Turawa, a kansa kuma wata hula ce mai siffar kan ɓera, ga wani ƙaton ɓera a gefe. Na karanta littafin sau ba adadi, wallahi babu inda ya sa wannan hula. Bugun farko ma ko tabarau ba a sa masa ba, sai daga baya aka gyara, kuma yanzu masu tara littattafai wannan mai kuskuren suke nema ido rufe. Ɗan yayata da ya gani cewa ya yi, "Kawu, wannan ai Gizo ne ya je Turai." Ina son bangon nan kamar me. Yana da irin rashin kan gadon tatsuniya, inda ba a tambayar dalilin da ya sa kura ta yi magana.

Abin da ya ƙara burge ni, Jamus da Finlan su ma darar suka ɗauko, wato wasan nan na kusa da ƙarshen labari inda yaran ke ratsa allo mai manyan 'ya'yan dara. Sai dai hannu ya bambanta. Harryn Sabine Wilharm, na kamfanin Carlsen, siriri ne mai tsinin haɓa, gashi a hargitse, tabarau ya zamo kan hanci, yana kallonka ta gefen ido kamar ya san wani abu da ba ka sani ba. Wannan shi ne yaron da ke zama a bencin baya, malami na juya baya ya fara tsokana. Kuma gaskiya ne, ai Harry ba salihi ba ne, sau nawa ya karya dokar makaranta cikin dare? Mika Launis na Finlan kuwa dogayen hanci ya ba kowa. Ka ga yaran sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne, kuma akwai wani ɗumi a zanen da ke sa ka ji kamar ka san su tun suna rarrafe.

Holan ta yi abin da ya sa na cire hula. Ien van Laanen ta ƙi nuna fuskar yaron. Abin da ka samu shi ne sararin sama da tsintsiya da ƙafafun mai tafiya a kanta, sauran kuma kai za ka ƙarasa a zuciyarka. Wannan girmama mai karatu ne. Kafin finafinan su fara fitowa a 2001 su liƙa mana fuskar Daniel Radcliffe, kowane yaro yana da nasa Harry a kai, kuma mutanen Holan sun bar wa 'ya'yansu nasu. A Japan ma, inda Yuko Matsuoka ta fassara shi ta kuma buga a ɗan ƙaramin kamfaninta a 1999, mai zane Dan Schlesinger ya fi ba wuri da yanayi muhimmanci a kan fuskar jarumi, launukan suna narkewa cikin juna kamar mafarkin asuba. Vladyslav Yerko na Yukren shi kuma ya bi ɗaya hanyar. Aikinsa kamar ɗinkin babbar riga 'yar Zariya yake, aska takwas da tambari, kowane zare a inda ya dace. Sai ka yi rabin sa'a kana kallo ba ka buɗe shafin farko ba.

Akwai wani bango da ke ba ni dariya ta daban. A 1998 Bloomsbury ta lura manya suna karanta littafin a jirgin ƙasa suna ɓoye bangonsa don kunya, sai ta fito da bugun manya mai hoton jirgi baƙi da fari, babu yaro babu taurari. Labarin bai canza ko da waƙafi ba. Riga kawai aka canza wa littafi don magidanci ya samu ya riƙe shi a bainar jama'a.

Har yau kuma ba a daina ɗinka masa sababbin kaya ba. A 2013 Kazu Kibuishi ya sake zana bakwai ɗin a Amurka, ya yi dabarar da idan ka jera su a kanta gefensu zai haɗu ya ba ka ginin Hogwarts. A 2014 Jonny Duddle ya yi wa Ingila nata. A 2017, da littafin ya cika shekara 20, aka buga shi kala huɗu, ja da kore da rawaya da shuɗi, kowa ya sayi na gidan ɗaliban da yake so a makarantar. A 2018 Brian Selznick ya zana bango bakwai da fensir waɗanda in an shimfiɗa su gefe da gefe suke zama dogon hoto ɗaya. Littafin da aka fassara zuwa harsuna sama da 80, jerinsa kuma ya sayar da kwafi fiye da miliyan 500, ai dole ya tara tufafi.

Abin da na fahimta daga wannan yawo shi ne, mai zanen bango shi ma tafinta ne. Mai fassara yana juya kalmomi, shi kuma yana juya fuska, ya nemo wadda za ta tsayar da yaron garinsu a bakin shago. Shi ya sa nake jin zafi idan na tuna yadda littattafanmu na Hausa suka bar zanen hannu irin wanda muka taso muna gani, aka koma yanko hoton wata kyakkyawa a kwamfuta a manna, ko tana da alaƙa da labarin ko babu. Muna da masu zane a Kano da Zariya da Katsina da hannunsu ba ya kasa na kowa. Marubuta, ku ba su labarin su karanta, ku biya su haƙƙinsu, ku ga abin da za su fito da shi.

In kuwa hukunci kuke jira, ga nawa. Na Amurka ya fi kowa cika ido, na Italiya ya fi ban dariya, na Holan ya fi wayo. Amma kambun na saurayin Kambirij ne, mai jan jirgi da yaron da ya zaro ido. Ɗan yayata har gobe bai yarda ba, ya ce son kai ne don shi na fara riƙewa. Wataƙila da gaskiyarsa. Kai ma mai karatu, ka nemi bangwayen nan ka jera su, ka kira yaran gidanku su zaɓa, ka ga irin gardamar da za ta ɓarke kafin a kira magariba.