Aku da Haraji: Sarki Nagari a Magana Jari Ce, a Duban Kurfai

Manazarta sun daɗe da nuna cewa littafin Abubakar Imam, Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, yana da saiwa a ƙasar Indiya. Akun da ke tsare mutum a gida da labarai ya samo asali daga Shukasaftati, watau hikayoyi saba'in na aku. Haka kuma dabarar tarbiyyar ɗan sarki ta hanyar hikaya ita ce ginshiƙin Fancatantara, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna. A wannan ƴar maƙala muna so mu duba abin da Imam ya ɗauko daga koyarwar Hindu game da sarauta, da abin da ya bari.

Abin da ya ɗauko a fili yake. Sarki nagari shi ne mai danne fushi, mai jin shawara, mai bincike kafin hukunci, mai iya bambance bafade na gaskiya da munafuki. Sarki Abdurrahman ya tsira da mulkinsa domin aku ya fi Waziri amana, daga baya akun ya zama waziri.

Amma koyarwar da ake kira rajadarma ba ta tsaya ga halin sarki ba. A dokokin Manu, da Artashastara na Kautiliya, da Mahabarata, ana kafa hujjar sarauta da cewa in babu sarki babban kifi zai haɗiye ƙarami. Saboda haka talakawa ke ba shi kashi ɗaya cikin shida na hatsinsu, kuma wannan kaso ladan tsaro ne. Sarkin da ya karɓa bai tsare ba, alhakin jama'a na wuyansa. A babban labarin da ya ɗaure littafin Imam wannan sharaɗi bai fito ba. Barazana ga gadon sarauta daga Waziri take zuwa da Sarkin Sinari. Talakawa ƴan kallo ne.

Tarihin Kurfai ya nuna mana nauyin wannan giɓi. Kafin zuwan Nasara babu sarki guda bisa ƙasar duka. Garuruwa na hannun dattawa da mayaƙa. Faransawa ne a farkon ƙarni na 20 suka ɗora Gado Namalaya bisa kanton, da mazauni a Filinge. Aikin sarkin kanto shi ne tara haraji da kama mutane aikin tilas, kuma rabonsa daga hannun kwamanda yake fitowa. Ke nan an juya lissafin Manu: wanda ke biyan sarki shi ne na sama, gare shi kuma sarki ke ba da amsa.

A 1925 wata mata mai suna Shibo, a garin Cikal, ta fara bori da sababbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon soja da kwamandan Nasara. Mabiyanta suka juya wa gidan sarautar kanto baya, kwamandan Yamai, Crocicchia, ya kama su ya ɗaure. A 1931 kuma yunwa ta afka wa yammacin Nijar bayan fari da fara, amma ba a daina neman haraji ba. Mutanen Cikal ba su karanta Manu ba, sai dai tambayarsu ita ce tasa: me muke samu a madadin abin da muke bayarwa?

Ba mu ɗora wa Imam laifi. Ya yi rubutu ne don makarantu, a ofishin Rupert East, a zamanin da Ingilishi ke mulki ta hannun sarakuna. A irin wannan wuri ana iya yi wa sarki nasiha kan halinsa, ba a iya tambayar hujjar zamansa.

Gyaran namu ne, mu masu koyarwa. Idan muka bai wa ɗalibai littafin a matsayin cikakken hoton sarki nagari, za su fita da jerin halaye: adalci, haƙuri, hangen nesa. Muna ganin ya kamata a haɗa shi a aji ɗaya da tarihin Cikal, domin ɗalibi ya tambayi wa ya naɗa sarkin, wa ke ciyar da shi, wa kuma ke da ikon ce masa ya isa.