Duba Ko Madubi?

Yau maganarmu a kan duba ce, kuma na san tun daga jin sunan wata za ta ce ai ita ba ruwanta, tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa taka ƙofar boka ba. To madalla. Sai dai ki ɗan dakata, domin duban yanzu ba ya jiran ki yafa mayafi ki tari ɗan acaɓa. Shi yake biyo ki har bakin gado ta cikin waya, ya sha ado, ya kuma sake suna.

Duk mai riƙe da babbar waya za ta iya cin karo da su a TikTok ko YouTube: mace ce a zaune gaban tebur, ga kyandir, ga wata irin karta mai hotuna da Turawa ke kira tarot. Ta jera karta uku ta ce ki zaɓi ɗaya, sannan ta hau gaya miki abin da ke zuciyarki game da aure ko aiki ko karatu. Masu wayon cikinsu ba sa cewa sun san gaibu. Cewa suke yi wai kartar madubi ce kawai, kina kallon hoton, sai abin da ke ɓoye a ranki ya taso, ki ga kanki, ki yanke shawara da kanki. Wannan magana tana da daɗin ji, musamman ga yarinyar da ta ɗan yi boko, wadda za ta ji kunyar a gan ta a zauren mai bugun ƙasa. Ita nake so mu ɗora a faifai mu tankaɗe.

Da farko ki san asalin abin. Karta 78 ce, 22 manya masu hotuna irin su Mutuwa da Masoya da Hasumiya da Shaiɗan, sauran 56 kuma sun kasu gida huɗu kamar kartar da maza ke bugawa a gindin bishiya. A arewacin Italiya aka fara yinta wajen shekarun 1440, a fadojin masu sarauta irin na Milan, kuma wasa ake yi da ita, a ci ko a cinye mutum. Sama da shekara 300 tana wasa. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa wai hotunan sirrin mutanen Masar ne na zamanin Fir'auna, alhali a lokacin ba a ma iya karanta rubutun Masar na dā ba tukuna. Daga nan 'yan duba suka cafe. Irin wadda aka fi gani yau a Landan aka buga ta a 1909, wata mata mai suna Pamela Colman Smith ce ta zana hotunan. Ke nan abin da ake nuna miki da sunan tsohon sirri, kartar wasa ce da aka naɗa wa rawani daga baya.

Mu kuma nan ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har Babura ta bakin iyakar Nijar, ba baƙi ba ne a wannan harka. Muna da namu tun kaka da kakanni: mai bugun ƙasa, mai wuri, mai hisabi da zai tambaye ki sunanki da na mahaifiyarki ya lissafa. Bugun ƙasar ma yana da littafi, Larabawa suna kiransa ilimin ramli, kuma littafin da ya fi shahara a kai na wani mutumin Magrib ne mai suna Muhammad az-Zanati. Yadda ake yi, mai duba zai baza yashi a faifai ko a kan buzu, ya ɗiɗɗiga layi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya riƙa share ɗigon bibbiyu har ya rage ɗaya ko biyu. Layi huɗu su ke ba da siffa guda, shi ya sa siffofin gaba ɗaya 16 ne, ba ƙari. Ya fitar da huɗun farko, su ne uwaye, daga cikinsu ya haifo sauran, ya zuba su gida-gida: gidan rai, gidan dukiya, na 'yan uwa, na iyaye, na 'ya'ya, na cuta, na aure, na mutuwa, na tafiya, na sarauta, na buri, sai na 12, gidan maƙiya.

Ki riƙe wannan gida na 12 a ranki, za mu dawo kansa.

Bari in yi wa masu maganar madubi adalci, don ba duka maganarsu ce banza ba. Gaskiya ne sau da yawa mutum ya san abin da yake so, tsoro ne kawai ya rufe shi. Ki ce da budurwa mai manema biyu za ki jefa kwabo, in ya faɗi ta kai Malam wane, in ta gindi Alhaji wane. Tun kwabon yana sama za ki ga fuskarta ta nuna wanda take fatan ya fito. Haka kuma matar da ta je wurin mai duba, rabin abin da ya kai ta kunne ne take nema. A gida in ta buɗe baki a ce ta yi haƙuri, wurin uwa a ce aure ɗan haƙuri ne, wurin ƙawa kuma kafin magariba zancen ya zaga unguwa. Shi kuwa mai duba zai zauna ya saurare ta tsaf, bai katse ta ba, bai ce ta cika ƙorafi ba. Dole ta fito tana jin sanyi a ranta. Wannan laifinmu ne mu mata da iyaye, da muka bar wa boka aikin sauraro.

To amma madubi na gaskiya ba ya magana, ba ya karɓar kuɗi, kuma ba ruwansa ko kin dawo gobe ko ba ki dawo ba. Wannan kuwa a hannun wani yake, shi zai karkata shi yadda ya ga dama, shi zai gaya miki me kika gani. In kartar Mutuwa ta fito, a ce miki ba mutuwa ake nufi ba, canji ne. To wace ce a cikinmu ba ta cikin wani canji? In ta Masoya ta fito a ce akwai zaɓi a gabanki. Ai da ma zaɓin ne ya kawo ki. Fassarar kamar ƙullin fulawa take, duk inda aka ja ta za ta tafi.

Wata za ta ce, "Wallahi ni ya gaya mini abin da ban gaya wa kowa ba." Saurari wannan. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako ya ba kowa takarda ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai. Ya nemi kowa ya ba takardar maki daga sifili zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Da aka haɗa aka raba sai makin ya kama wajen 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, kuma daga wani ɗan littafin taurari na bakin titi ya tsinto yawancin kalmomin. Maganganu ne irin waɗanda ke hawa kan kowa, kamar a ce kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko ka yi daidai. Namu ma haka suke yi da Hausa: kina da kirki amma ba a gode miki, akwai mai yi miki dariya a fuska tana cizonki a baya, kin taɓa yin wata asara da har yau tana ranki. Ki karanta wa mata goma a gidan biki, ki ga ko guda nawa za su ce ba da su ake ba. Sauran bayanin kuma ke kike ba shi da bakinki da idonki, shi dai ya iya kallon fuska. Abu biyar ya faɗa, huɗu suka kauce kika manta su, ɗaya ya dace kika riƙe shi shekara goma kina ba da labari.

Yanzu mu koma gidan maƙiya. Tun kafin ki yi sallama gidan nan yana kan faifai, kuma dole wata siffa ta sauka a cikinsa, ko kina da maƙiyi ko ba ki da shi. Saboda haka ba a zuwa a dawo hannu rabbana. Za a ce wata mace ce fara, ko baƙa mai tsayi, tana kusa da ke. Ba zai faɗi suna ba, ke za ki cike gurbin a hanyarki ta komawa gida: kishiya, ko facala, ko uwar miji, wani lokaci ma 'yar uwarki ciki ɗaya. Daga ranar an daina cin abincin juna, an hana yara shiga ɗakin juna, gaisuwa ta koma ta fatar baki. Nan ne ɓarnar take, kuma ta fi kuɗin da aka kashe ciwo, duk da kuɗin ma ba kaɗan ba ne, don bayan duba sai sadaka, bayan zakara sai akuya, har a kai ga ɗankunnen gwal da kwanukan jere. Wadda ta je neman ta ga kanta, ta dawo tana ganin kowa sai kanta.

Ta fuskar addini kuwa maganar ba ta da tsawo. Larabawan jahiliyya suna da kibau da suke zarowa in za su yi tafiya ko aure, ɗaya tana nufin yi, ɗaya bari, ɗaya ba komai a jikinta, kuma Alƙur'ani ya haramta su a Suratul Ma'ida. Zaro kibiya da zaro karta, ban ga tazarar da ke tsakaninsu ba. Hadisi a Sahihu Muslim ya nuna wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muka mai da istihara ita ma duba. Istihara raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa sahabbai, mai buƙata ita ke yi da kanta, ta roƙi Allah in alheri ne ya sauƙaƙa, in sharri ne ya kawar. Ba a shardanta mafarki ba. Amma yau sai a kai sunan saurayi da na uwarsa wurin wani, a ba shi kuɗin goro, wai ya kwanta ya gano. In ya tashi ya ce ya ga baƙin ruwa, shi ke nan an fasa auren yaron kirki. Wannan bugun ƙasa ne aka sa wa hula.

To in ba duba, da me za a yanke shawara? Ki lura, yawancin tambayoyin da muke kai wa faifai suna da amsa a wani wuri, kasala ko kunya ce ke hana mu zuwa can. A ce ga yarinya ta gama sakandare a Roni ko Gwiwa, tana tsakanin aure da ci gaba da karatu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan cikin Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ba sai an tsallaka Kano ba. Karta ba za ta gaya mata ko tana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba, takardar sakamakonta ce za ta faɗa. In aikin jinya take so, sai ta duba ko ta ci Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Ko manemin zai bar ta ta yi karatun bayan aure kuwa, shi za a tambaya, a gaban waliyyai, tun kafin a shafa fatiha, kuma a dubi yadda ya yi da ƙannensa mata ko uwargidansa in yana da ita. Bincike a unguwarsu da wurin sana'arsa ya fi siffa 16 faɗin gaskiya.

Akwai ma abu guda na gobe da ake iya sani tun yau, kuma shi ne muka fi gudu: gwajin jini. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki kika ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da ciwon sikila. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Sai ki ga an kashe kuɗin akuya don a ji ko taurarin yara sun dace, amma kuɗin gwajin asibiti ya gagara.

Ke kuma uwargida mai son kama sana'a, ko ɗinki ne ko ƙuli-ƙuli ko turaren wuta, kina jiran kwasar adashi kina tunanin ko akwai sa'a a ciki. Ɗauki biro da bayan littafin yaro. Nawa ne kwanon gyaɗa ranar kasuwa, nawa kuɗin niƙa, nawa itace, kwalba nawa ta mai za ki samu, ƙulin nawa zai tashi, wa zai kai miki talla, su wa za su ci bashi su ƙi biya? Ki je wurin wadda ta shekara goma tana yi ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Iya koya mini. Za ta gaya miki watan da gyaɗa ke araha a saya a ajiye, da watan da in kika taɓa ta uwar kuɗin ma ba za ta dawo ba.