Sharhi a kan Lafazin "Zuwan Turawa": Misali daga Iyakar Jibiya

Littattafan tarihi na makarantu sun saba cewa "zuwan Turawa", sai ka ce baƙi ne suka yi sallama. Wannan lafazi yana sakaya wani muhimmin al'amari, watau waɗanda suka fara da'awar mallakar ƙasar Hausa 'yan kasuwa ne masu sojan kansu.

Mu ɗauki iyakar Jibiya, wadda ke tsakanin Katsina da Maraɗi. A 1885 Joseph Thomson ya samo takardar yarjejeniya daga Sakkwato domin kamfanin George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, ya kuma ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897. Da takardar nan Ingila ta kafa hujja a 1890, ita da Faransa suka shata layi daga Sayi zuwa Barruwa. Bayan gyare-gyaren 1898, 1904 da 1906, Maraɗi ta zauna ɓangaren Faransa, Jibiya ɓangaren Ingila.

Lalle jihadi ya riga ya raba sarautun biyu, amma shingen Jibiya asalinsa ribar kamfani ne. Saboda haka ya kamata marubuta su ce "mamaya", su kuma ambaci kamfanin da sunansa.