MyData: Hotuna 864 Daga Soba, da Hannun da Ya Adana Naman

A shekarar 2024 Hyam Omar Ali da Farfesa Ahmed Hassan Fahal da abokan aikinsu na Faransa suka fitar da MyData, taskar hotuna 864 na naman majinyata 142 masu ciwon maisetoma, yadda yake bayyana a madubin ɗakin gwaji. Tushen aikin shi ne Cibiyar Binciken Maisetoma ta asibitin Soba a Khartum, wadda aka kafa a 1991. Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Ƙaya ce ke soke ƙafar manomi ko makiyayi, ƙafar ta kumbura sannu a hankali, ta huhhuje tana fitar da 'yan tsaba, in an yi sake ciwon ya ci har ƙashi da gaɓa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne haƙurin da aka zuba. Kowane hoto yana tafe da zanen da ke nuna iyakar tsabar, domin kwamfuta ta koyi gane ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don maganin ya dogara ga asalin tsabar: ta fangas sai itraconazole da tiyata, ta bakteriya kuwa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ake ba ta. Ina son tsayawa a kan tsabar fangas ɗin Madurella mycetomatis, mai launin ƙasa-ƙasa, tauri kamar siminti, har takan tsattsage in wuƙar yanka ta bi ta kanta. Ta bakteriyar Actinomadura kuwa ta sha shunin rini. Wanda ya fitar da yanka mai tsabta daga irin wannan nama gwani ne, na kuma yaba masa.

Sai dai hoto ba ya fin naman da aka ɗauka. Kafin nama ya hau gilashi sai ya kwana a fomalin, an tsotse ruwansa, an dasa shi cikin kakin farafin, an yanka shi siriri, an rina. Kowane mataki yana barin sawunsa. Masu nazarin guringuntsin gaɓoɓi sun daɗe da sanin haka: fomalin yana sauya yadda guringuntsi ke fitowa a hoton MRI, ruwan asid da ake tausasa ƙashi da shi kuma yakan rage masa shan rini. To, taskar da ta fito daga ƙasa ɗaya tana koya wa kwamfuta hannun ma'aikatan wurin tare da ciwon. Naman da ya jima a kwalba a zafin Maradi kafin ya isa ɗakin gwaji zai iya rikita kwamfutar. Na kuma so a ce zanen ya wuce tsaba, ya nuna naman da ke kewaye da ita, inda ɓarnar take.

Wannan bai rage darajar aikin a idona ba, musamman ganin yaƙin da ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 ya durƙusar da cibiyar. Kirana ga likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato shi ne su tara nasu hotunan, su rubuta yadda aka adana kowane nama, su ɗora a kan tubalin da Soba ta aza.