BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TANADIN ASIBITI DA HARSHEN FAƊAKARWA A LOKACIN ANNOBA A ƘASAR RINGIM

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan irin tanadin da asibitocin cututtuka masu yaɗuwa kan yi domin tarar annoba, musamman wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, kamar ƙyanda da shan inna da zazzaɓin Lassa da korona. Za a dubi abubuwa uku, wato wurin keɓe maras lafiya, da hanyar gano cutar, da kuma kalmomin da ake isar da saƙo da su ga jama'a. Manufar ita ce a nuna cewa gini da na'ura ba su isa su zama tanadi ba, muddin Bahaushen da aka yi su dominsa yana gudun su.

4.1 Matsayin Ringim

Ringim tana cikin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa mai hedkwata a Dutse. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura, kuma ta ƙarshen tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa ta garin, ga kuma kasuwanni da 'yan ci-rani da almajirai masu kai da komowa. Duk hanyar da ta kawo fatake, ita ce kan kawo cuta. Saboda wannan tsohuwar dangantaka, abin da ya faru a asibitocin Kano shi ne ya fi gina ra'ayin mutumin Ringim game da asibitin annoba. Dalili ke nan da ya sa yawancin misalan wannan babi daga Kano suka fito.

4.2 Asibitin Zana da Darasin 1996

Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, jama'a sun fi saninsa da sunan Asibitin Zana. Wannan suna abin nazari ne. Zana a gidan Bahaushe ita ce ake kewaye wurin da ba a son ido ya kai gare shi, kuma abu ce ta wucin gadi wadda gara da damina ke cinyewa. Ke nan sunan yana ɗauke da ma'ana biyu, ta rabuwa da mutane da ta rashin ɗorewa.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A daidai wannan lokaci ƙyanda da kwalara su ma suna ci. Ko da yake bakteriya ce ke kawo sanƙarau, darasin wannan shekara ya shafi kowace irin annoba. Asibitin ya cika ya batse, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo agaji. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Abin lura a nan shi ne, tushen rigimar magana ce, wato shin an gaya wa uwa da uba, cikin harshen da suke ji, abin da za a yi wa ɗansu? Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da masu ƙin allurar suka riƙa kafawa. Ba a koma yin ta ba sai a tsakiyar 2004, bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

4.3 Tanadin Gini da Gwaji

Ƙa'idar aikin asibitin annoba ba ɓoyayya ba ce. Da farko akan tantance marasa lafiya tun daga ƙofa, a ware wanda ake zargi. Sai a ɗebi jini ko majina a aika ɗakin gwaji. Ma'aikata su sa safar hannu da riga da abin rufe fuska. Sannan a bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da mai cutar har kwanakin ƙyanƙyasarta su wuce, waɗanda ga Lassa da Ebola kwana 21 ne.

An ga amfanin wannan tsari a 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli. Likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti, aka bi sawun mutane kusan 900, annobar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu, har da ita likitar. Cibiyar da ta jagoranci aikin ta ari ma'aikata da dabarun yaƙi da shan inna ne, wato tanadin da yake a ƙasa tun kafin cutar ta zo.

A Kano kuwa, shekarar 2020 ta nuna gibi iri biyu. A watan Janairu zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan sun yi aiki a kan wata mai juna biyu da ba a gane tana ɗauke da cutar ba. Lassa takan fara ne kamar zazzaɓin cizon sauro, kuma maganin da ake ba masu ita, ribavirin, ya fi amfani a cikin kwana shida na farko. Saboda haka jinkirin ganewa yana cin maras lafiya, yana cin mai duba shi.

Gibi na biyu ya bayyana da zuwan korona. An tabbatar da ita a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Aka tanadi wuraren killacewa a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha, amma ɗakin gwajin Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki a daidai lokacin da maƙabartu ke cika. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da alaƙa da korona. Yawancinsu a gida suka rasu. A Jigawa ma, da jihohi suka shiga mayar wa juna almajirai, sai da aka mai da sansanin 'yan hidimar ƙasa wurin ajiye su, aka kuma sami masu cutar a cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da aka yi ke nan.

4.4 Sharhin Kalmomin Faɗakarwa

Tambayar da ta dace ita ce, me ya hana waɗannan mutane zuwa asibiti? Wani ɓangare na amsar yana cikin kalmomin da aka yi musu magana da su.

(a) Ƙwayar cuta. Wannan kalma ɗaya ita ke fassara bairos da bakteriya. Illar haka ita ce mai sauraro ba ya gane dalilin da zai sa a ce ga ƙwayar cuta, amma kafso ba zai kashe ta ba. Sai ya nufi kemis ya sayi maganin bakteriya domin ƙyanda ko mura, kuɗi su tafi, kwanaki su tafi.

(b) Rigakafi. Wannan fassara ta yi armashi, domin ta hau kan karin maganar da kowa ya sani, rigakafi ya fi magani. Sai dai kalmar ta haɗa allura da laya da rubutun sha da saiwa. A watan Agusta na 2014 jita-jita ta game ƙasa cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa rigakafin Ebola ne, mutane suka tashi cikin dare suna yi, wasu suka kwanta asibiti. Tsofaffin ma'aikata sun fi dacewa da suka bar jama'a suna kiran allurar agana lamba, domin suna ne na abu guda, mai shaida a dantse.

(c) Killacewa. Akan killace fili ko dabba ko kaya. Idan aka ce za a killace mutum, hoton da ke zuwa zuciya shi ne na tsarewa. Keɓewa ta fi sauƙi a kunne, domin akan keɓe abu saboda darajarsa, kamar yadda ake keɓe wa baƙo ɗaki.

(d) Takunkumi. Asalinsa abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi ko sa a baki ne domin kada ya yi ɓarna ko cizo. Da wuya dattijo ya yarda ya sa abin da aka raɗa wa wannan suna. Alhali kuwa Hausa tana da amawali, wanda sarakuna da malamai ke rufe baki da shi, kuma alama ce ta girma.

(e) Mashaƙo. Wasu kafofin watsa labarai sun kira korona da wannan suna a 2020. Da wata cutar maƙogwaro ta bakteriya ta ɓarke a Kano a 2023, ita ma mashaƙo aka ce mata. Suna ɗaya ga cuta biyu masu magani daban rikita mai sauraro ne kawai.

(f) Baƙon dauro da shan inna. Waɗannan sunaye na gargajiya ne, kuma kowanne yana tafe da bayaninsa. Baƙo akan karɓe shi a ɗaka, a lallaɓa shi har ya tafi, shi ya sa wasu iyaye kan ɓoye yaro mai ƙyanda, suna tsoron kada allura ta mai da ƙurajen ciki. Shan inna kuwa yana jingina cutar ga Inna ta bori, wadda ba a kai ƙararta asibiti. Mai faɗakarwa da ya ari sunan bai taɓa bayanin da ke bayansa ba, ya yi rabin aiki ne.

4.5 Karo da Al'ada

Jinya a wurin Bahaushe aikin dangi ne. Mai jinya yakan kwana a gindin gado, 'yan dubiya su zo da kunu da addu'a, idan ta Allah ta kasance kuma a yi wanka da sutura da salla. Ɗakin keɓewa yana yanke duk waɗannan a lokaci guda. Ta fuskar likita hujjar a fili take, domin Lassa da Ebola suna bin jini da sauran ruwan jiki, har na gawa. Amma ta fuskar iyali, an raba su da ɗan'uwansu yana raye, an kuma hana su haƙƙinsa yana mace. Mai wannan tsoro zai gwammace ya ɓoye maras lafiya.

Ba za a ɗora wa asibiti laifin duka ba, domin ma'aikatansa su ne na farko a bakin mutuwa, kamar yadda misalan 2014 da 2020 suka nuna. Kuskuren shi ne gabatar da keɓewa tamkar baƙon abu daga Turai. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, sannan Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Haka kuma ƙa'idar binne gawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ta amince a yi wa Musulmi taimama a madadin wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla. Duk wannan hujja ce da limamin unguwa zai iya bayarwa a cikin huɗuba ɗaya.

Tarihin shan inna ya tabbatar da haka. Bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. An ga mai cutar ta asali na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Bakin da ke kiran mutane ya sauya.

4.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tanadin annoba a ƙasa irin ta Ringim yana farawa ne tun daga ƙaramin asibitin ƙauye da babban asibitin gari, inda mai zazzaɓi ke fara zuwa, kafin a kai ga Dutse ko Kano. A nan ne ake bukatar ɗakin keɓewa ko da guda ne, da safar hannu, da ruwa da sabulu, da tabbatacciyar hanyar aika jini gwaji. Tunda Lassa da ƙyanda sun fi tashi da rani, kaka ce lokacin shiri, a rufe hatsi daga ɓera, a kai yara allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar. Haka nan ya kamata Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wadda dokarta ta tabbata a 2018, da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa su zauna da masana Hausa da malamai da ma'aikatan rediyo, a tace kalmomin faɗakarwa tun ana zaune lafiya. Babi na gaba zai kawo jerin kalmomin da suka fi dacewa da wannan aiki, tare da dalilin zaɓen kowace.